Yaron da Ba Ya Kai Ƙara: Cin Zali a Makarantun Karkara da Hanyar Agaza wa Yara a Ƙasar Safo

Yawancin tsare-tsaren agaza wa yaron da ake ci wa zali a makaranta, in aka bi su har tushe, za a tarar an gina su a kan zato guda, wato yaron zai buɗe baki ya faɗa. Akwatin ƙorafi da lambar waya ta kyauta da ofishin mai ba da shawara duk zaman jira suke yi, sai yaro ya kawo kansa. Abin da wannan takarda take son tabbatarwa shi ne, a makarantun karkara irin na ƙaramar hukumar Safo, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, wannan zato ba shi da madafa, domin tarbiyyar gida da tsarin aji da yanayin hanya sun taru sun koya wa yaro kame bakinsa. Taimakon da zai yi amfani a nan shi ne wanda zai tashi ya je ya tarar da yaro inda yake, kuma masu kai shi suna cikin gari tun tuni, ba sai an ɗauko su daga Yamai ba.

Kalmar cin zali tana da faɗi, don haka ya kamata a ɗaure ta tun da wuri. Dan Olweus na jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, wanda ya fara nazarin lamarin tun shekarun 1970, ya kafa masa sharuɗɗa uku: ana yin abin da gangan don a cutar, ana maimaita shi, kuma ƙarfin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Na ukun shi ne ƙashin bayan maganar. Sa'o'i biyu da suka kaure da kokawa a kan ƙwallon tsumma faɗa suka yi, gobe za a gan su suna raba ƙosai. Amma yaron da kullum ake karɓe masa dala biyar ko goman da uwarsa ta ba shi, ko yarinyar da aji ya daina kiran sunanta na yanka sai laƙabin da aka manna mata, ko wanda in ya zo zama kowa ya janye jikinsa, waɗannan ba su cikin faɗa, domin ba su da abin ramawa. A rahoton da UNESCO ta fitar a 2019, kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, kashi 32 cikin ɗari, ya ce an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayar, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 48. Rahoton ya nuna cewa siffar jiki ita ce kan gaba cikin dalilan tsangwama, sannan ƙabila ko asali ko launin fata. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne, yaran da ake yawan ci wa zali sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen ƙin zuwa makaranta. Ciwon kuma ba ya ƙarewa ranar da aka bar aji. Wani dogon nazari da ya bi rayuwar mutanen da aka haifa a Birtaniya a 1958 ya tarar da tabon abin a lafiyar ƙwaƙwalwarsu da zamantakewarsu har suna da shekara 50.

In muka sauko da wannan ma'auni ƙasar Safo, kudu da birnin Maraɗi a yankin kwarin Gulbin Maraɗi, za mu ga rashin daidaiton ƙarfi yana zaune a cikin tsarin makarantar kanta. Ba kowane yaro ake sawa a lakwal, wato makarantar boko, a shekarar da ta dace ba, wasu kuma suna maimaita aji, sai a sami ɗan shekara goma sha ɗaya a benci ɗaya da saurayi ɗan sha biyar a ajin CM2. Malami ɗaya da yara suka yi masa yawa ba ya ganin abin da ke faruwa a layin baya, balle a bayan makewayi ko a lokacin hutun safe. Sai kuma hanya, wadda ita ce ajin da babu malami a cikinsa: yaran rugage da ƙananan ƙauyuka suna ratsa gonakin gero da fadama kafin su iso, kuma wanda ya samu shiga kwaleji sau da yawa sai ya bar garinsu, ya zauna hannun mai masauki, inda ba shi da wa ko ya da za a ji tsoronsu. Waɗanda abin ke faɗa wa ba ɓoyayyu ba ne ga duk wanda ya san zaman karkarar Hausa. Akwai gurgu da zabiya da mai in'ina da mai farfaɗiya, akwai agola da maraya, akwai ɗan Fulani da ake kwaikwayon Hausarsa, akwai wanda ake goranta wa sana'ar gidansu ko asalin kakanninsa, duk da cewa Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta tun 2003. Daga 2019 an samu ƙarin wani rukuni, yaran da iyayensu suka tsere wa 'yan bindiga daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, da waɗanda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka tayar daga ƙauyukan bakin iyaka. Yarensu ɗaya da na gari, addininsu ɗaya, amma baƙo baƙo ne, kuma yara sun fi manya saurin gane wanda ba shi da kowa a bayansa.

To, me ya sa wannan yaro ba zai faɗa ba? Domin duk ƙofar da zai bi ya kai ƙara an riga an rubuta mata suna mara daɗi. In namiji ne, ya zo gida yana kuka, abin da ya fi ji shi ne, "Kai rago ne? Koma ka rama." In ya gaya wa mushe, wato malami, ya zama ɗan tsegumi, kuma hukuncinsa yana jiransa a hanyar komawa gida. In wanda ke cin zalinsa ya girme shi, to an koya masa tun yana rarrafe cewa ba a jayayya da na gaba. Haƙuri da kunya, waɗanda ado ne a wurinsu, a nan sun zama takunkumi. Lamarin yarinya ya fi tsanani, kuma ina ganin nan ne masu tsara manufofi suka fi yin tuntuɓe. Yarinyar da samari ke tarewa a hanya ko suke taɓa mata jiki ta san abin da zai biyo bayan faɗarta: ba za a hukunta kowa ba, za a ce ta zauna gida. Wannan tsoro ba na banza ba ne a jihar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kusan kashi 89 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin shekara 18, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 76 ne. Gwamnati ta fitar da dokar shugaban ƙasa ranar 5 ga Disamba 2017 don karewa da tallafa wa yarinya mai karatu, kuma abu ne mai kyau, amma doka ba ta zuwa bakin rijiya ta tambayi yarinya abin da ya hana ta zuwa aji jiya. Ta haka ne yaron da ake ci wa zali yake salwanta ba tare da ya bar sawu ba. Yau ciwon ciki, gobe an aike shi gona, jibi ta fita talla, kafin watan Maris suna ya fita daga rajista, dalilin kuma a rubuta talauci ko aikin gona ko aure. Ba ƙarya aka rubuta ba, amma ba a rubuta abin da ya fara sanyaya wa yaron gwiwa ba.

Akwai maganar da ba za ta yi wa malamai daɗi ba, amma tsallake ta zai rushe sauran bayanin. Wani kaso na ikon da manyan yara ke amfani da shi a kan ƙanana, makaranta ce ta ara musu. In malami zai fita, sai ya bar shugaban aji ya rubuta sunayen masu surutu, wani lokaci ma a bar masa tsumagiya. Wanda ke riƙe da wannan takarda yana riƙe da abin ciniki: ba ni ƙosanka ko in rubuta ka. Wannan ɗabi'a jikanyar tsohon tsarin nan ce na makarantun Faransa da ake kira symbole, inda yaron da aka kama yana magana da harshen gida yake ɗaukar wata alama har sai ya kama wani ya ɗora masa, wato an mayar da kowane ɗalibi ɗan leƙen asirin ɗan'uwansa. A 2025 Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, amma fitar da tarbiyyar symbole daga cikin aji ya fi sauya doka wuya. Yaron da ya ga malami yana warware kowace matsala da bulala ya koyi darasi sarai, cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, kuma ba zai kai kukansa wurin hannun da yake tsoro ba. Wanda zai ce wannan ba ya gyaruwa a makarantar talakawa, ya dubi gundumar Luwero ta Yuganda, inda aka gwada wani tsari na ƙungiyar Raising Voices a makarantun firamare 42, rabi da tsarin rabi babu. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna haɗarin dukan ɗalibi daga hannun ma'aikatan makaranta ya ragu da kashi 42 cikin ɗari a cikin wata goma sha takwas. Ba a kawo sababbin malamai ba, waɗanda ke nan ne aka zauna da su. A ƙasarmu wurin wannan zama yana nan, wato tarukan CAPED da malamai ke yi, da makarantar horar da malamai ta Maraɗi.

Idan yaro ba zai zo ba, wa zai je? Kayan aiki na farko shi ne mafi arha, kuma yana kan teburin kowane malami: rajistar kiran suna. A yanzu ana cika ta ne don darakta da sufeto, ba don yaro ba. In aka mayar da ita idon makaranta, yaron da ya yi fashin kwana uku a jere, ko wanda fashinsa ke faɗawa rana guda kowane mako, ko wanda yake zuwa da safe ya ɓace bayan hutu, ya zama wanda za a je gidansu a cikin makon. Masu zuwa kuwa bai kamata su zama malamai ba. Malami in ya tsaya ƙofar gida, uba zai fito, a gaisa, a ce yaro ba shi da lafiya, a yi sallama. Uwa ce ke shiga har tsakar gida. Tsarin ilimin Nijar ya riga ya tanadi wannan kujera: kwamitin kula da makaranta na CGDES, wanda mutane suka fi sani da tsohon sunansa COGES, da ƙungiyar iyayen yara, da ƙungiyar iyaye mata ta AME. Aikin da aka fi sanin AME da shi shi ne jan hankalin iyaye su sa 'ya'ya mata makaranta, alhali riƙe yaron da ya riga ya shiga ya fi sauƙi da araha a kan nemo sabo. Dattijuwa da ta zauna kusa da yarinya tana taya ta tsince wake za ta ji abin da darakta ba zai ji ba ko ya shekara yana tambaya, musamman in ba ta fara da "wa ya dake ki" ba, ta fara da "da wa kike tafiya lakwal, da wa kike zama". Akwai kuma shaidun da ba a taɓa kira taro ba, matan da ke sayar da ƙosai da dankali da awara a bakin makaranta. Su ne suka san wanda ke saye da kuɗin wani, da wanda ke tsayawa nesa har a buga ƙararrawa.

Rukuni na biyu na masu kai agaji su ne yaran kansu, kuma nan ne hujjar bincike ta fi ƙarfi. A Kanada an ɗauki hotunan bidiyo na filin wasan makarantun firamare, aka tarar akwai 'yan kallo a kusan kowane cin zali, kashi 88 cikin ɗari, amma ba su cika sa baki ba. Lokacin da suka sa baki kuwa, a kashi 57 cikin ɗari abin ya tsaya cikin daƙiƙa goma. A kan wannan fahimta ce Christina Salmivalli da abokan aikinta na jami'ar Turku ta ƙasar Finlan suka gina shirin KiVa, wanda ya fi mayar da hankali ga masu dariya da masu kau da kai a kan mai cin zalin kansa. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan, ya san ɗan dambe ba ya fita fagen da babu makaɗi babu 'yan kallo. Mai cin zali suna yake nema a wurin sa'o'insa, in dariya ta ɗauke, riba ta ɗauke. A aikace, wannan na nufin a haɗa yaran unguwa ɗaya ko ruga ɗaya su riƙa tafiya tare, a ɗora wa babba amanar ƙarami da sunansa, a kuma juya matsayin shugaban aji daga mai rubuta masu laifi zuwa mai lura da wanda bai zo ba da wanda aka bari shi kaɗai. Liman da malaman allo suna da abin faɗa a nan ba tare da aro daga kowa ba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabai, hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Anas kuma ya nuna cewa hana azzalumi zalunci shi ne taimakonsa. Yaron da ya ji wannan a makarantar allo da asuba zai san cewa faɗar abin da ya gani ba annamimanci ba ne.

Bayan an gano, nan ma ana yawan ɓata aiki. Abin da aka saba shi ne a tsayar da yaran biyu gaban aji, a zane ɗaya, a ce su yi musabaha, a ce magana ta wuce. Sulhu irin wannan na sa'o'i ne. Tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi tallata rauni ne kawai, da ƙara wa mai ƙarfi dalilin fanshewa. Ya fi dacewa a ji kowa shi kaɗai, a nemo wa wanda aka zalunta abokai biyu ko uku da ake ganin girmansu a aji, a kira uban mai zaluncin a keɓe ba a taron jama'a ba, sannan a koma a sake tambaya bayan mako biyu, domin komawar ita ce ke nuna wa yaran biyu cewa manya ba su manta ba. Inda abin ya kai rauni a jiki ko taɓa mutuncin yarinya, ya wuce hurumin makaranta: akwai asibitin CSI, akwai kwamitocin kare yara da wata doka ta 2019 ta kafa har matakin ƙauye, akwai alƙalin yara.

Za a ce, ai wasa ne, kuma mu mutane ne masu barkwanci. Gaskiya ne, har UNESCO ta shigar da wasan taubasai na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Amma duk wanda ya ga Bafulatani da Babarbare suna zolayar juna ya san dokar wasan: kowa yana da bakin ramawa, kuma an san iyaka. Wasan da mutum ɗaya ne kullum abin dariya, wanda in ya rama zai sha duka, ya fita daga taubasantaka. Ma'aunin mai sauƙi ne, a duba ko wanda ake wa wasan yana dariya, ko kuwa yana neman hanyar da zai bi gobe don kada a gan shi. Za a kuma ce wahala ke gina namiji, a bar shi ya koyi kare kansa. Amsar tana cikin ma'anar kalmar: da zai iya ramawa da ba a zaɓe shi ba. Cewa ɗan shekara tara ya rama a kan ɗan sha huɗu tura shi ne ya sha kashi sau biyu, ɗaya a hanya ɗaya a gida.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa muna maganar ƙaiƙayi alhali ana fama da kuturta: azuzuwan zana, ƙarancin benci, malaman kwantiragi da albashinsu ke makara, ga tsoron 'yan bindiga. Ba wanda zai raina wannan a jihar da gobarar azuzuwan zana ta watan Nuwamba 2021 ta kashe ƙananan yara aƙalla 25 a birnin Maraɗi. Amma sukar tana ɗauka cewa abubuwan biyu suna takarar kuɗi ɗaya ne, kuma ba haka ba ne. Duba rajista da aika uwa gidan yaro da karɓe tsumagiya daga hannun shugaban aji ba sa cin buhun siminti ko ɗaya. Aji na bulo da aka gina da miliyoyin sefa kuma, in yaro yana tsoron shiga, ga wannan yaron ba a gina komai ba. Ba kuma zan yi alƙawarin abin da bincike bai nuna ba. Da Ttofi da Farrington suka tattara sakamakon shirye-shiryen yaƙi da cin zali a 2011, ragin da suka samu bai wuce kashi 20 zuwa 23 cikin ɗari ba. Ragi ne, ba warkewa ba, kuma yawancin shirye-shiryen a Turai da Amurka aka yi su. Abin da muke ɗauka daga gare su fahimtar yadda abin ke aiki ne, ba littafin aikinsu ba.

Akwai suka guda da nake ganin tana da gaskiya fiye da rabi, ita ce cewa mutanen gari ba alƙalai ba ne marasa ɓangare. Uwar da ke cikin AME tana iya zama gwaggon mai cin zalin, kuma idan ɗan mai gari ne ke takura wa ɗan baƙo, ba kowa zai iya buɗe baki ba. Wannan haɗari ne na gaske, kuma shi ya sa yadda ake zaɓen kwamiti ya fi yawan mambobinsa muhimmanci. Shirin Makaranta don Kowa, wanda aka fara a jihar Tawa a 2004 da tallafin hukumar JICA ta Japan kafin a yaɗa shi a ƙasa, ya dage a kan zaɓen shugabannin COGES ta ƙuri'ar sirri, don kada kujera ta zama gadon masu faɗa a ji. A ɗora a kan wannan: kowace unguwa da kowace ruga da ke turo yara ta sami tata uwa a cikin AME, har da matan da suka zo gudun hijira, kuma mata biyu daga unguwanni daban su riƙa zuwa gidan yaro tare. A babban taron CGDES na tsakiyar shekara, kada darakta ya tambayi jama'a ko akwai cin zali a makaranta, don amsar da zai samu ita ce lafiya lau. Ya buɗe rajista, ya faɗi yara nawa ne cikin waɗanda aka rubuta a watan Oktoba ba a ƙara gani ba, sannan ya tambayi wace ce ta je gidan kowannensu, kuma wace rana za ta koma.